Zafi ne ke kashe furen sinarariya, taki bai da laifi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana kan furen sinarariya. Mutum zai saye shi a tukunya ya cika fal da furanni, shuɗi ko shunayya ko ja da farin zobe a tsakiya, kafin kwana goma ya langaɓe. Sai a ce yunwa ce, a ƙara masa taki, alhali zafi ne ya cinye shi.

Asalinsa daga tsibiran Kanari ne, waɗanda ke cikin tekun Atlantika daura da ƙasar Maroko, kuma a Ingila aka fara haɗa irinsa a shekarar 1777. Sanyi yake so: digiri 10 zuwa 13 a ma'aunin Celsius da dare, 15 zuwa 18 da rana. Da zarar ɗaki ya haura digiri 21, furannin sai su buɗe lokaci guda su bushe da wuri. A wuri mai sanyi kuwa yakan yi sati huɗu zuwa shida yana fure. A ajiye shi inda haske ya wadata amma rana ba ta dukansa. Wajen saye, a zaɓi wanda yawancin tohonsa bai buɗe ba, kuma a ɗaga ganyen a leƙa ƙarƙashinsa ko akwai darɓa.

Ban-ruwa shi ne inda aka fi yin kuskure. Ganyensa faffaɗa ne, yana zubar da ruwa da sauri, tukunyar kuma ƙarama ce. Kullum a soka yatsa cikin ƙasar. In saman ya fara bushewa, a zuba ruwa a gefen tukunya har ya fito ta ramin ƙasa, bayan minti 15 a zubar da wanda ya taru a faranti. Kada a jiƙa ganye ko gindin tsiron, domin nan ruɓewa da toka-tokar fumfuna ke farawa. To, ga abin lura: yaushi iri biyu ne. Idan tukunya ta yi sakayau kuma ƙasa ta janye daga gefe, ƙishirwa ce. A tsoma tukunyar cikin ruwa na minti 20, zai miƙe, ko da yake kwanakin furensa sun ragu. Idan kuwa ya yi yaushi ƙasa na jiƙe sharkaf, saiwa ce ta ruɓe. A zaro shi a duba: lafiyayyar saiwa fara ce, ruɓaɓɓiya ruwan ƙasa ce mai laushi da wari. Ƙara ruwa a nan ƙarasa shi ne.

Darɓa na son sa ƙwarai. Alamarta danƙo a kan ganye da nannaɗewar sabon toho. Ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya, a fesa ƙarƙashin ganye, a maimaita bayan kwana biyar.

Mai son shuka iri ya barbaɗa shi a saman ƙasa mai laima, ya ɗan danna, kada ya rufe, domin sai da haske yake tsirowa, cikin kwana 10 zuwa 14 a digiri 20 zuwa 22. Idan ya yi ganye huɗu a dasa shi a ƙaramar tukunya, daga baya a mai faɗin santimita 15. A ba shi takin ruwa rabin ƙa'ida duk sati biyu. Sai ya sha sanyin digiri 7 zuwa 13 na kusan sati shida kafin ya ɗaura toho, in ba haka ba ganye kawai zai yi. Daga shuka zuwa fure wata biyar zuwa shida ne.

Idan furen ya ƙare, ban ga amfanin wahala da shi ba, da wuya ya sake yin kyau a tukunya. Gara a shuka sabon iri.

Na gode.

Naku,
Wani mai kiwon furanni