Yaron da ya yi gware a filin ƙwallo, kada a mayar da shi wasa a ranar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da kociyoyin unguwa da iyaye, musamman mu nan Zariya da kowane lungu akwai kulob ɗin yara, tun daga Tudun Wada har Sabon Gari da Samaru.

A hutun da ya wuce ɗan yayata mai shekara 14 ya yi gware da wani ɗan baya a gasar unguwa, sun tashi sa wa ƙwallo kai tare, kuma kun san filayenmu da hunturu ƙasa kamar siminti. Ya faɗi, ya tashi yana layi, aka fasa fiya wata biyu aka kwara masa a ka, koci ya ce kai namiji ne fa, yaro ya ce lafiya lau ya koma, kuma wallahi har da ni a masu tafi. Da daddare sau uku yana tambayar uwarsa wai wa ya ci wasan. A nan jikina ya yi sanyi.

Likitan da ya duba shi ya ce jijjigar ƙwaƙwalwa ce, wato ƙwaƙwalwar ta girgizu a cikin ƙoƙon kai, kuma ba dole sai mutum ya suma ba, mafi yawansu ma ba sa suma, hoton kai ma yakan fito lafiya lau alhali ciwon na nan. Mu kuma in ba mu ga jini ba shi kenan. Abin tsoron shi ne yaro ya ƙara buguwa kafin na farkon ya warke, ƙwaƙwalwa na iya kumbura, ba kasafai ba amma in ya faru ana rasa rai.

Masu zuwa gidan kallo za su tuna Christoph Kramer na Jamus a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014 da Ajantina, bayan ya bugu ya ci gaba da wasa har ya je yana tambayar alkalin wasa wai wannan ne fainal ɗin? To babban ɗan wasa kenan da likitoci a gefen fili, ina ga yaronmu da likitansa shi ne mai riƙe jakar ruwa. Shi ya sa a 2024 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince da ƙarin canji na musamman don wanda ya bugu a kai. Hukumar ƙwallon Amurka kuwa tun 2015 ta hana 'yan shekara 10 zuwa ƙasa sa wa ƙwallo kai.

Komawa fili ma da tsarinsa, kamar yadda masana suka daddale a taronsu kan jijjigar ƙwaƙwalwa a wasanni da aka yi a birnin Amsterdam a 2022. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko hutu, a rage danna waya da kallo, amma ba kulle shi a ɗaki mai duhu ba. Daga nan tattaki, sai sassarfa, sai atisaye shi kaɗai, sai atisaye da 'yan kulob ba gogayya, kowane mataki aƙalla awa 24, in ciwon kai ko jiri ya taso a dakata a sake gwadawa gobe. Makaranta da Islamiyya su ne gaba da gasa, kuma likita ne zai ce ya koma wasan gaske, ba koci ba, ba shi yaron ba, don yaro kam ko kansa na sarawa cewa zai yi garau yake. Yara kan ɗauki har mako huɗu. Namu sai da ya yi kusan uku, yana ta fushi da ni.

In kuwa ana ta amai, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko farfaɗiya, ko ciwon wuya, ko barcin da ake tashinsa da kyar, to ba maganar kemis ba ce, a nufi asibiti nan take, mu da Allah ya ba mu asibitin koyarwa na Shika a kusa. Kuma kada a ba shi asfirin.

Roƙona ga masu shirya gasa, su rubuta a dokarsu cewa duk yaron da ya bugu a kai ya gama wasan ranar, a ba kulob ɗinsa canji kyauta. 'Yan dambe ma maganar ta shafe su, amma wannan sai wata wasiƙar.

Naku,
Wani mai karatu, Tudun Wada, Zariya