Amsa ga Malamin Kubwa: Yadda Gyaran Jijiyar Ƙirji Ke Jawo Shanyewar Ɓarin Jiki

Malam, assalamu alaikum.

Ka yi mana tambaya a filin lafiya na rediyo: babbar jijiyar jini ta ƙirjin mahaifinka ta kumbura, an ce za a sa masa bututu ba tare da an tsaga ƙirji ba, to me ya kawo maganar shanyewar ɓarin jiki a takardar amincewa?

Aikin shi likitoci ke kira TEVAR, kuma ayarin Michael Dake na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya fara ba da rahotonsa a 1994. Ta jijiyar matsematsi ake zura waya, a kanta a tura bututu mai ragar ƙarfe a naɗe, sai ya isa wurin kumburin a buɗe shi. Matsalar tana can sama, inda babbar jijiyar ta lanƙwasa kamar baka. Rassa uku ne ke fita daga nan, kuma ta cikinsu jini ke zuwa ƙwaƙwalwa.

Dattijo mai hawan jini, musamman wanda ya daɗe da sigari, bangon jijiyarsa kan tara daskararren kitse, kamar tsatsa a tsohon bututun famfo. Waya ta goge shi, ɓarɓashi ya ɓalle, jini ya kwashe shi ya toshe wata ƙaramar jijiya a kai. Wannan ne ya fi jawo shanyewar ɓarin jikin. Kumfar iskar da ta maƙale a naɗin bututun ma takan yi haka, shi ya sa ake wanke shi da ruwan gishiri kafin a zura.

Sai maganar wurin kamu. Bututun na buƙatar lafiyayyen bango na kusan santimita 2 kafin kumburin, ta wajen lanƙwasar. Idan babu, dole a rufe bakin reshe na uku, mai zuwa hannun hagu. Daga wannan reshen ne wata jijiya ke hawa ta wuya zuwa ƙeya tana kai wa ƙwaƙwalwa jini, kuma a jikin mutane da yawa ta hagun ta fi ta dama girma. Tun 2009 ƙungiyar likitocin jijiyoyin jini ta Amurka ta ba da shawarar a haɗa wa reshen wata hanyar jini tukuna, in dai aikin ba na gaggawa ba ne. Mu ma ra'ayinmu ke nan.

Yawancin rahotanni sun nuna mutum 2 zuwa 8 cikin 100 da aka yi wa aikin ne shanyewar ke samu. Ba ƙaramin adadi ba ne, amma kumburin da ya wuce santimita 5.5 in ya fashe, sau da yawa ba a kai mutum asibiti da rai.

Ka tambayi likitan Baba abin da hoton siti sikan ya nuna a lanƙwasar, ko za a rufe reshen hagu, in kuwa za a rufe, me aka tanada. Yawancin haɗarin a wannan hoton ake gane shi, tun ba a shiga tiyata ba.

Bayan aiki, kwanakin farko ne na sa ido. Karkacewar baki, nauyin harshe, hannu ya saki, jiri, gani bibbiyu: ku kira nas nan take, ko da tsakar dare ne, kada ku ɗauka allurar barci ce ba ta sake shi ba. In ƙafafu biyu ne suka mutu alhali fuska da magana lafiya, wannan laka ce ta rasa jini, ita ma ba ta jira.

Allah ya ba Baba lafiya.

Daga likitocin tiyatar jijiyoyin jini, Abuja