A koya wa ɗaliban lafiya duba tsofaffi a bakin gado

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato horon da ake ba ɗaliban likita da na jinya game da kula da tsofaffi. Na yi aikin jinya a jihar Damagaram har na yi ritaya, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a gidanmu ya faru.

A bazarar bara, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, goggona wadda ta haura shekara 80 ta wayi gari ba ta gane kowa, tana kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, alhali shekaranjiyar ranar ita ta yi lissafin adashen matan gida babu kuskure. Da aka kai ta wata cibiyar lafiya, matashin da ya karɓe ta ya ga babu zazzaɓi, sai ya ce wa ɗanta: "Baba, gigin tsufa ne, ku mai da ita gida, sai haƙuri." Da na iso na tarar da harshenta a bushe ƙamas, a cikin ledar magungunanta kuma ga maganin hawan jini iri ɗaya da suna biyu, ɗaya na farmasi, ɗaya na ƴan talla, tana haɗiye duka. Wani likita ya sa aka auna fitsari aka ga ƙwayar cuta, aka yi mata ƙarin ruwa, aka gyara magani, kwana huɗu ta dawo hayyacinta.

Ban riƙe wannan matashi a zuciya ba, domin abin da bai gani a wajen malamansa ba, ba zai aikata shi ba. Jikin tsoho ba ya nuna ciwo kamar na saurayi: cuta takan kama shi ba tare da zazzaɓi ba, ƙishirwa ba ta damunsa ko da ruwan jikinsa ya ragu, ƙodarsa kuma ba ta fitar da magani da sauri, shi ya sa adadin da zai warkar da ɗansa shi yakan kayar da shi. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu alama ce ta ciwon da ake nema a magance, ta sha bamban da mantuwar da take shigowa sannu a hankali cikin shekaru. Ɗalibi ba ya rarrabe waɗannan a kan allo, sai ya tsaya kan majinyaci tare da malamin da ya ƙware.

Na san kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma daidai ne da ƙasa ta fifita yara da mata masu ciki, kamar yadda aka yi a 2006 da aka mai da jinyar ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Sai dai a wannan shekarar ce Senegal ta ɓullo da shirin Sésame na jinya kyauta domin masu shekara 60 zuwa sama. Fannin kula da lafiyar tsofaffi ma ba da manyan na'urori ya fara ba. A 1935 likita Marjory Warren ta Ingila ta bi tsofaffin da aka yanke ƙauna a kansu ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, da yawa suka miƙe suka koma gidajensu.

Saboda haka ina kira ga Jami'ar André Salifou da makarantar horar da ma'aikatan lafiya ta ENSP da ke Damagaram da su ware wa kowane ɗalibi makonni na musamman tare da tsofaffi. A koya masa ya zauna ya gaisa kafin tambaya, ya yi magana ta kunnen da yake ji, ya sa a zazzage masa dukan magunguna har da na gargajiya, ya kuma kalli yadda dattijo yake tashi da tafiya, domin faɗuwa guda takan karya ƙugu ta kwantar da mutum har abada. A koya masa ya fitar da ƴaƴa da surukai kafin ya yi tambayar fitsari, tunda kunya ba za ta bar dattijo ya faɗi a gabansu cewa fitsari yana yi masa wuya ba.

Ya kamata kuma horon ya kai har cikin gidaje, domin a nan ƴaƴa mata da surukai suke jinyar, kuma su ne suke buƙatar a nuna musu yadda ake juya mai doguwar kwanciya kada gyambo ya fito masa. Mu da muka yi ritaya muna nan a Birni da Zango da Garin Malam, mun san gidajen, kuma a shirye muke mu raka ɗalibai idan aka neme mu.

Wassalam.

Ma'aikacin jinya mai ritaya,
Unguwar Birni, Damagaram