A tambayi masu magani bayan shekara uku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku kan shaye-shaye, inda baƙonku ya ce cikin wata guda yake raba mutum da giya. Ban ƙaryata shi ba, amma don Allah in ya dawo ku tambaye shi: ina mutanen nan suke bayan shekara uku?

Yayana direban babbar mota ne, Garwa zuwa Ngawundare. Da bilbil, burukutun nan Kamaru, ya fara, ya koma arki, giyar gida mai ƙarfi, ya ƙare da ƙananan ledojin wiski da yake cusawa ƙarƙashin kujerar mota. Sau uku yana bari. Kowane karo Inna ta soya ƙosai ta raba sadaka, bayan wata biyu sai ya shigo gida yana tauna kanumfari, yana kauce wa idona. Ni ke fara ganewa, kuma ni ke rasa bakin gaya wa Inna.

Ciwon wannan ne ya sa na shiga bincike. A Amurka an yi wani babban nazari mai suna Project MATCH kan mutum 1,726, aka gwada hanyoyi uku na magani ta tattaunawa. Ta farko tana koya wa mutum gane abin da ke tayar masa da sha'awar sha da yadda zai kauce masa. Ta biyu zama huɗu ne kacal na zaburar da niyyarsa. Ta uku tana haɗa shi da ƙungiyar waɗanda suka daina, irin Alcoholics Anonymous da aka kafa a 1935. Duka ukun sun taimaka, tazararsu ba yawa. Amma da aka waiwayi masu zuwa jinya daga gida bayan shekara uku, kashi 36 cikin ɗari na masu ƙungiya ba sa sha sam, 27 a masu zaburarwa, 24 a hanya ta farko. Bitar da Cochrane, cibiyar tace binciken lafiya, ta yi a 2020, wadda ta tattara nazari 27, ita ma ta ba ƙungiya rinjaye wajen dainawa ɗungurum.

Ban yi mamaki ba. Zaman likita yana ƙarewa, abokan tasha kuwa kullum suna nan. Yayana bai samu mai jiransa duk mako ba, mu kuma kunya ta sa muka rufe, wai kada a ce ɗan gidan Musulmi mashayi ne. Rufewar nan ta cuce shi, har yau tana cina.

Sai dai wanda jikinsa ya saba ƙwarai kada ya yanke dare ɗaya ba likita, domin makyarkyata da farfaɗiya na iya kashe shi.

Roƙona, ku gayyato likita da liman da wani da ya shekara biyar bai sha ba, ko da za a sakaya sunansa, su tattauna yadda za a kafa zaman ƙungiyar waɗanda suka daina a Garwa da Marwa. Yayana wata bakwai ke nan bai taɓa ba, kuma yana sauraron shirinku a mota.

Mai sauraronku,
daga Garwa, Kamaru