Da wane mudu ake auna jin daɗin rayuwa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk watan Maris sai jaridu su buga mana cewa Finland ce ƙasar da ta fi kowace farin ciki, kamar yadda take zuwa ta ɗaya tun 2018, mu ja tsaki mu wuce. To ana rage wa masu karatu zance, don binciken auna jin daɗin rayuwa ya yi nisa.

Da can masana tattalin arziki ne ke da bakin magana: kuɗin shiga ya ƙaru, an ci gaba, shi ke nan. A 1974 Richard Easterlin ya nuna arzikin Amurka na ta hauhawa amma farin cikin mutanenta bai bi sahu ba. A 1990 Mahbub ul Haq na Pakistan, da taimakon Amartya Sen, ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara saka ilimi da tsawon rai cikin lissafin ci gaban ƙasashe. Masana halayyar ɗan Adam suka ɗauka gadan-gadan a 1998 ta hannun Martin Seligman. Jami'ar Harvard kuwa tun 1938 take bin rayuwar wasu mutane, daga ƙuruciya har furfura, ta gano kyakkyawar mu'amala da mutane ce kan gaba. Na ce oho, ashe zumuncin da kakata ke tafiya da ƙafa ne aka kashe shekara tamanin ana nema.

A 2025 an fitar da sakamakon wani binciken daban kan jin daɗin rayuwa, da aka tambayi mutum sama da 200,000 a ƙasashe 22, har da Najeriya. Indonesiya ta zo ta ɗaya, Japan da duk arzikinta ta zo ƙarshe.

Ga inda gizo ke saƙar. Rahoton Maris ɗin nan cewa ake yi mutum ya ba rayuwarsa maki daga 0 zuwa 10. Akwai mai faci a bakin layinmu, ranar da ko taya ɗaya bai liƙe ba, ka tambaye shi ya kasuwa, zai ce maka sai godiya. Maki nawa za a rubuta masa? Rufin asiri fa, a wane gurbi zai shiga? Mutum na iya samun lafiya da albashi, amma in makwabta sun san tukunyarsa ba ta hau murhu jiya ba, ba zai yi barci ba.

Don Allah Maris mai zuwa ku tura wakilinku wurin malaman Hausa da na nazarin zamantakewa a jami'o'inmu, ya tambaye su yadda ake fassara wa mutanenmu waɗannan tambayoyi.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Zariya