Wasiƙa: Bangon littafin da ke yaudarar mai saye, da yadda ake yi masa shaguɓe

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna son yin magana kan zanen barkwancin da wasu matasan Yamai ke yaɗawa a Facebook, suna kwaikwayon bangon littattafan labarin zane, waɗanda ƴan lakwal ke kira BD. Yaran suna da hannu, amma sau da yawa dariyar ba ta zuwa, don ba su san abin da suke tsokana ba.

Abin daga Amurka ya samo asali. A shekarun 1950 da 1960, a kamfanin DC mai buga irin waɗannan littattafai, edita Julius Schwartz kan sa a fara zana bango, daga baya marubuci ya nemo labarin da zai dace da shi. A littattafan Superman kuwa, da Mort Weisinger ke kula da su, sai ka ga gwarzon a bango yana wulaƙanta abokinsa. Ka biya kuɗinka, ka buɗe, ashe mafarki ne, ko tarko ne ya ɗana wa ɓarawo. Har goggon biri sun riƙa sawa, don sun lura yana jawo ciniki.

To, wannan alkawarin ƙaryar shi ne abin tsokana, saboda haka zane biyu ake bukata. A na farko, zakaran kokowa ya jefar da takobin nasararsa yana gudu, jama'a baki buɗe, an rubuta: "Me ya firgita sarkin fili?" A na biyu, ƙarami, ga shi durƙushe gaban mai kilishi, don ya samu kafin kilishin ya ƙare. In babu na biyun, mai kallo ya ga zane kawai.

Ga tsarin. Girman bango wajen santimita 17 a faɗi, 26 a tsawo, ya shiga takardar A4. Suna ya ci kashi ɗaya cikin uku na sama, domin a kanta littattafan gaba kan rufe ƙasan na baya. Lamba da farashi a kusurwa. A sa dala hamsin ta sefa, ya fi daɗi da kuɗinmu. Magana kada ta wuce kalma goma. A nan aka fi faɗuwa: a cika bango da bayani har sirrin ya tonu. Fensir tukuna, sai baƙin tawada mai kauri, launi kuma ja, shuɗi da rawaya tsantsa, ban da inuwar kwamfuta mai sheƙi, wadda ke kashe kamannin tsohon bugu.

Kada a kwafe tambarin kamfani, a ƙirƙiri wani mai kama da shi. Fuskar maƙwabci ma a bar ta, wasa kan zama ƙara. Wajen turawa ta WhatsApp, a aika a matsayin fayil, don in an tura shi hoto ana matse shi, ƙananan haruffa su dushe.

Da jaridarku za ta ware rabin shafi duk wata, akwai masu cika shi.

Wasu masu zane,
Yamai