Zuwa Ga Sani, Kan Birkin Iska

Assalamu alaikum. Sani, ya karatu, ya sanyin Jamus? Mu nan Jidda lafiya lau, sai zafi.

Na saurari saƙon muryar da ka turo wa ƙanwarka, kana ƙorafin malaminku ya matsa maka, wai kullum sai ya yi maka faɗa cewa kana shigowa filin sauka ƙasa-ƙasa. To ni dai ina bayan malamin, kuma ka san da gilaida, wato jirgi mara inji, na fara kafin in taɓa jirgi mai inji.

Wannan gilaida ASK 21 da kuke koyo da ita, ta kamfanin Schleicher na Poppenhausen, tun 1979 take tashi, kuma an ƙera ta ne don ta daɗe a sama. Faɗin fikafikanta mita 17 ne, duk mita ɗaya da ta sauko sai ta ci gaba fiye da mita 30. A sama alheri ne, amma a bakin fili sai ta yi ta shawagi ta wuce inda kake so. Shi ya sa aka yi mata allunan nan da ke fitowa ta saman fiffike idan ka ja shuɗin hannu na hagunka, su ne birkin iska. Suna rage ɗagawar fiffike, su ƙara turjiyar iska. Ka buɗe su duka, 30 ɗin nan sai ta koma ƙasa da 10.

Ga rabon aikin, ka riƙe shi da kyau. Hannun dama, mai sandar tuƙi, gudu yake tsarewa. Hannun hagu, mai birki, shi ke da ikon saurin saukowa. Kada ɗaya ya shiga aikin ɗaya. Ka tsara shigowarka yadda za ka sauko da birki rabi a buɗe, ko ya ɗara rabi kaɗan. Idan iska ta danne ka, kana da abin rufewa, idan ta ɗaga ka, kana da abin ƙarawa. Wanda ya shigo ƙasa-ƙasa da birki a rufe ruf kamar mai cefane ne da ya zazzage aljihunsa a shagon farko na Bab Makka, alhali bai kai layin masu nama ba. Ba ka da injin da za ka taka ka sake zagayowa. Sauka ɗaya ce tal.

Ka zaɓi alama a ƙasa, ko ciyawar da ta bambanta ko farin ƙyalle, ka sa mata ido ta gilashin gabanka, gudunka kuma a tsaye. In ta fara hawa sama a gilashin, ba za ka kai ba, rufe birki nan take, duka, ba kaɗan-kaɗan ba, sai ka dawo kan layinka ka sake buɗewa. In tana zamewa ƙasa ta shige ƙarƙashin hanci, za ka zarce, ƙara buɗewa. Abin da nake jiye maka tsoro shi ne lokacin da ka ga shinge na matsowa, zuciyarka ta ce ka ɗaga hanci ka miƙa tafiya. Ɗaga hancin nan gudu yake ci, ga shi birki a buɗe yana sa fiffike ya sare da wuri, wato ya daina ɗaukar jirgi. Nan jirgi ke faɗowa kamar an saki igiya.

Littafin jirgin ya ba da kusan kilomita 90 a awa don shigowa, idan iska a kwance take. Ranar da take kaɗawa sai ka ƙara kamar rabin ƙarfinta, domin kusa da ƙasa iska na raguwa kwatsam, allurar gudu ta faɗi a idonka. Idan ka zo dab da ciyawa ka fara miƙar da jirgi, hannun hagu ya tsaya cak. Rufewa da garaje a nan sai jirgi ya yi tsalle sama, fizgewa kuma ya buga ka da ƙasa. Kuma a wannan jirgin birkin taya yana ƙarshen shuɗin hannun ne, kada ka taɓa ƙasa alhali ka riga ka ja shi har ƙurya.

Juyin ƙarshe ka gama shi da tsayin mita 100 ko kusa da haka. Dogon fiffike yana jan hanci waje in ka karkata, sai ka haɗa da feda, zaren nan na kan gilashi, mai nuna ko jirgi na zamewa gefe, ya tsaya a tsakiya. Kafin tashi kuma ka tura birki har ka ji ya ce ƙas, ya kulle. Wanda aka rufe ba a kulle ba, iska na zuƙo shi waje ana cikin jan jirgi.

Duk wannan a iskar Jamus mai sanyi kake koyo. Ranar da ka tashi a wuri mai tudu da zafi irin Ɗa'if, allura za ta nuna maka 90 ɗin da ka saba, amma ƙasa za ta fi gudu a ƙarƙashinka, kuma za ka ci fili fiye da yadda ka saba.

Ka roƙi malamin ya nuna maka sauka ba birki, ta hanyar karkata jirgi ya zame gefe, don ranar da birkin ya maƙale. Mahaifiyarka har yau ba ta yarda mai hankali na shiga jirgin da ba inji ba, ranar Juma'a ma a Harami sai da ta sa ka a addu'a. Ka kira ta bayan Isha'i, agogonmu. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare.

Mahaifinka.